Yatsan Baffa a Cikin Kasko

Jiya na tashi zan ba 'yar shukar da ke ƙofar ɗakina ruwa, sai na ga na fara tsoma yatsa a ƙasar kaskon. Haka Baffa yake yi, Allah ya jiƙansa.

Yana aikin lambu a gidan Di'o, Baturen mulki, a nan Potiskum matar Baturen ta bar masa uwar wannan shukar. Ganyenta kauri gare shi, ga sanyi a hannu. Yakan ce, "Tambayi ƙasa tukuna. Wannan ba ƙishirwa ke kashe ta ba."

Da zai tafi Mamudo girbi, ya bar mini amanarta. Ni kuwa son yabo ya sa na riƙa kwarara mata ruwa safe da yamma. Kafin kwana goma gindinta ya ruɓe, har tana wari. Da ya dawo na ce masa akuyar maƙwabta ce ta tattake ta.

Baffa ya tsuguna ya tsoma yatsa, ya fito da shi duk laka. Ya ce, "Ɗana, akuyar da buta ta zo?"

Ya tsinci ganye ɗaya mai rai, ya ɗora a busasshen yashi, ya miƙo mini. Daga shi wannan ta fito.

Har ya rasu ban buɗe baki na nemi gafarar ƙaryar nan ba. Allah ya yafe mini, ya sanyaya masa makwanci.