Farantin Tagullar Yayana

Shekarun baya, cikin shekarun casa'in, yayana ya dawo gida Doguwa da lambar yabo. A wata jami'a a Turai ya yi bincike kan lissafin kwamfuta, wato gano abin da na'urar za ta iya warwarewa da abin da ba za ta taɓa iyawa ba. Masana fannin suka zaɓi aikinsa, suka ba shi wani farantin tagulla da sunansa a jiki.

Ni na fi kowa rawar kai. Daga Kiru inda nake aure na hau bas na taho, ina ta shelar yayana ya ƙera kwamfuta. Da maƙwabta suka ce a nuna musu, sai ya ce shi da biro da takarda kawai yake aikinsa. Kowa ya ce madalla, aka koma hirar taki.

Wannan bai dame shi ba, bakin mahaifiyarmu yake jira. To, shi ɗan fari ne, mu kuwa Fulani ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, balle yabo. Ya durƙusa ya ajiye farantin a gabanta ya ce, "Inna, ga abin da aka ba ni." Ta ci gaba da tsintar wakenta, ta ce in ba baƙo ruwa. Ni kuwa auta, ko tuwo na tuƙa da gudaji sai ta sa mini albarka.

Ya bar farantin a wurin ya koma Kano, inda yake zaune. Da damina mota ta kife da shi kusa da Tudun Wada, yana hanyar zuwa gaishe ta. Ko asibiti ba a kai da shi ba.

A zaman makoki ma ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Sai da aka watse na shiga ɗakinta, na ga farantin a saman jeren ƙorenta, yana ƙyalli saboda goge shi da take yi da toka. Ta ce, "Wai me wancan ya yi aka ba shi wannan?" Na buɗe baki, sai na ga ni ma ban sani ba, wanda zai faɗa mata kuma yana ƙasa.

Har yau abin yana ci mini rai. Shi ya sa ɗana na fari, a gaban kowa nake kiran sunansa, in yabe shi yana ji. Dangi suna cewa ba ni da kunya, ban taɓa musa musu ba.