Guntun Hanjin Pak Deraman

Duk wanda ya rasu a ƙauyenmu na gefen garin Pasir Mas, Pak Deraman ne ke tona masa makwanci. Ba gawa kaɗai ba. Yatsan da injin casar shinkafa ya datse, ƙafar mai ciwon sukari da aka yanke, duk yakan naɗe su a farin ƙyalle ya binne da bisimilla. A wurinsa, abin da ya fita daga jikin ɗan Adam ba shara ba ne.

Sai ga shi ciwon daji ya kama babban hanjinsa, har ya taɓa hanta. Aka yanke masa guntu a asibitin birni, aka sallame shi, guntun bai biyo shi gida ba.

Tun daga nan zama ya gagare shi. Ya sauka daga tsanin gidansu na katako da ke bisa dirkoki, ya sake hawa. Ya leƙa maƙabarta, ya dawo dafe da ɗinki. Romon kifin da matarsa Mek Jah ke dafa masa don rauni ya kame, sai dai ya huce a kwano.

"Abang, maigida, ka zauna mana! Katakon ɗakin nan zai riga ka ƙarewa."

"Na binne na kowa, nawa yana can cikin kwalba kamar jiƙon mangwaro."

"Bar shi ya huta da barkonon da kake ɗura masa."

Ranar komawa asibiti, tun kafin ya zauna ya ce a ba shi abinsa. Likitar, wata yarinya mai suna Suraya, ta saurare shi har ya gama.

"Pak Cik, babana, haƙƙinka ne, in ka ce a ba ka za a ba ka. Amma ba mu gama dubawa ba. Wani lokaci ƙwayoyin garkuwar jiki sukan kutsa har cikin ƙarin su kafa sansani, ƙanana ƙwarai, sai da madubin likita ake ganinsu. Waɗanda aka samu haka a nasu, galibi sun fi jimawa. Ba alkawari nake maka ba. Amma in ka binne shi yau, ba za mu taɓa sani ba."

Pak Deraman ya gyara zama. Yana so ya sani, yana kuma tsoron a kai shi kabari da saura a birni.

"In na riga ku gamawa fa, 'yata?"

Mek Jah ta riga likita amsawa. "Ni zan karɓo, in kai maka har gefenka."

"Ke? Ko diga ba ki iya riƙewa ba."

"Sai ka daɗe ka koya mini."

Ya dube ta, ya dubi likita, ya miƙe.

"To ku riƙe shi. Amma ko ɓurɓushi kada ku yar, amana ce."

A motar komawa gida kujeru na nan babu kowa, amma a tsaye ya yi tafiyar.