Tekun da Aka Ba Ni Ajiya

Shekarun baya, lokacin ina zaune a Lugbe, cikin Abuja, an taɓa ba ni ajiyar teku. Ba zolaya nake yi ba. Teku ce sosai, da duwatsunta da yashinta da 'yan halittunta, sai dai a cikin akwatin gilashi take, wanda tsawonsa bai wuce kamu uku ba.

Mai ita abokina ne da muke ofis ɗaya a ma'aikata, mutumin Filato. Ya daɗe yana aiki a Legas, a can ya koyo wannan sha'awa. Ya ce idan ruwan teku ya janye, yakan bar ƙananan ramuka a jikin duwatsun gaɓa cike da ruwa, to abin da ke rayuwa a cikin waɗannan ramukan shi yake ɗebowa ya kiwata. Da aka yi masa canjin aiki zuwa Abuja ya bar kujerunsa da firjinsa a can, amma ya taho da akwatin nan a bayan mota yana lallaɓawa kamar mai ɗauke da ƙwai.

Sai aka tura shi kwas ƙasar waje na wata huɗu. A duk abokansa ni ne mai wutar sola a gida, injin da ke juya ruwan kuwa ba a so ya tsaya. Haka ajiya ta faɗo a kaina.

Ranar da aka kafa akwatin a falona na fi awa ɗaya a tsugune ina kallo. Akwai jatan lande ƙanana da kake hango cikinsu ta bayansu. Akwai wasu kifaye uku malalata, ba sa iyo sai dai su yi tsalle daga wannan dutse zuwa wancan. Akwai dodon koɗi masu lasar gilashi. Akwai kuma wata 'yar ƙaguwa da ba ta da gidan kanta, sai ta nemi ɓawon koɗin da mai shi ya mutu ta shige, idan ta yi ƙiba ta sake neman wani. Nan take na sa mata suna 'Yar Haya, don duk mazaunin Abuja ya san wannan rayuwar.

A tsakiya, manne da wani baƙin dutse, akwai abu kamar fure, ja-ja, mai yatsu da yawa suna lilo a cikin ruwa. Abokina ya saka masa ɗan gutsuren kifi, sai na ga yatsun sun naɗe shi sun tura tsakiya. Ashe dabba ce, har da baki. Na yi salati.

Nan abokina ya daina dariya. Ya ce, "Oga, duk sauran idan sun mutu, no problem, zan samu wani. Amma wannan furen, matana ne ya ɗauko shi da hannunsa, da dutsen duka, shekara ɗaya kafin ya rasu. Please."

Na san rasuwar matarsa, na kuma san Allah bai ba su haihuwa ba. Na dafa ƙirji na ce ya tafi da kwanciyar hankali, ko ƙwarzane ba zai samu ba.

Ya bar mini jarka biyu da takarda. Shuɗiyar jarka ta ruwan gishiri ce, wanda ake haɗawa da wani gishiri na musamman da ya bar mini buhunsa da ma'auninsa. Farar jarka kuma ruwa ne zalla da aka tace. Takardar ta ce duk mako biyu a kwashe bokiti ɗaya daga akwatin a mayar da na shuɗiya. Amma idan ruwan ya ragu da kansa ya sauka ƙasa da layin da ya ja a gilashi, to daga fara za a cika.

Bayan ya tafi na sake karanta takardar, sai ilimina ya motsa. Na ce halittun teku, a zuba musu ruwan da babu gishiri? Ai kisan kai ne. Lallai gaggawar tafiya ce ta sa bawan Allahn nan ya juya maganar. Na ɗauki biro na gyara masa kuskurensa, har ina jin daɗin cewa ya dace da aboki mai lura. Ruwan farar jarkar kuwa na riƙa zuba wa dutsen guga.

Lokacin bazara ne, zafin Abuja ya kai inda ya kai, ga fanka na kunna a saman akwatin don kada ruwan ya yi ɗumi. Duk kwana biyu sai ruwan ya sauka da faɗin yatsa, ni kuma in cika shi da na shuɗiya. Idan ta ƙare in haɗa wani.

A mako na biyar abubuwa suka fara lalacewa. Dodon koɗi suka riƙa hawowa sama suna neman ficewa. Jatan lande biyu suka mutu, kifi ɗaya ya bi su. Furen kuwa ya janye yatsunsa gaba ɗaya ya dunƙule kamar ƙullin tsumma, ko na saka masa abinci sai ya gangare ta gefensa. Akwai wani ɗan ma'aunin roba mai allura da abokina ya ce yana nuna yawan gishiri. Na tsoma shi, allurar ta haye can ƙarshe ta tsaya. Na girgiza shi, na sake tsomawa, haka dai. Sai na yanke hukuncin cewa ya lalace, kayan zamani ba ƙarko.

Na zargi zafi, na zargi abincin, har na zargi bakin wani maƙwabcina da ya shigo ya yi ta yabawa bai ce tubarkalla ba. Kaina ne kaɗai ban zarga ba. Ana haka saƙon abokina ya shigo: "Oga, yaya furena?" Na laluba wayata na tura masa hoton da na ɗauka tun makon farko, na rubuta lafiya lau. Wannan ƙaryar ta tsaya mini a rai.

A cikin kwanakin nan ne mahaifiyata ta zo daga garinmu Awe don a duba mata gwiwa. Inna ba ta son talabijin, don haka idan mun fita aiki sai ta ja kujera gaban akwatin.

Ranar farko ta tambaye ni, "Waɗannan ana ci?"

Na ce a'a.

"Ana sayarwa?"

Na ce a'a, kallo kawai ake yi.

Ta jinjina kai ta ce, "Allah mai iko. Mutanen birni da neman wahala." Amma kafin kwana uku ta san ramin kowane kifi, kuma ita ce ta fara ba ni labarin 'Yar Haya ta sauya gida, wai sai da ta leƙa ɓawo uku kafin ta zaɓa.

Inna ba ta taɓa shiga aji ba, ba ta kuma taɓa ganin teku ba. Sana'arta tun tana budurwa dafa gishiri ce, kamar yawancin matan unguwarmu. Da shi ta ciyar da mu bayan rasuwar mahaifinmu. Ni kuwa tun da na shiga makarantar kwana ban ƙara zuwa wurin dahuwar ba, kuma in faɗi gaskiya, idan aka tambaye ni sana'arta sai in ce kasuwanci take yi. Don haka ko a mafarki ban kawo zan tambaye ta wani abu game da akwatin nan ba.

Wata Asabar da hantsi na jawo shuɗiyar jarka zan cika ruwa. Inna ta ce, "Tsaya tukuna."

Ta miƙe da ƙyar, ta sa farce ta kankaro wani farin abu da ya daskare a bakin gilashin, wanda ni kullum nake gogewa da tsumma ina tsaki. Ta murza shi a yatsunta. Sai ta tsoma yatsa a cikin akwatin ta kai baki.

Na ce, "Haba Inna, ai da ƙazanta!"

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce in buɗe jarkar, ta ɗanɗana shi ma. Ta koma ta sake ɗanɗana na akwatin, ta tofar a tsumma.

"Mai kayan nan, wanne ya ce shi ne ruwansu?"

Na nuna jarkar.

"To na cikin gilashin nan ba ɗan'uwansa ba ne. Wannan ai kaɗan ya rage a ɗora shi a wuta a kwashi gishiri. Kai kiwo aka ba ka ko dahuwa?"

Na gyara tsayuwa na fara yi mata bayani irin namu na 'yan boko, cewa ruwan yana raguwa ne, ni kuma ina mayar da irin wanda ya fita. Ta bari sai da na kai aya.

Ta ce, "Wa ya gaya maka irinsa ne ya fita? Rana ruwa take sha, ba ta shan gishiri. Ruwa ya tafi, gishiri ya zauna, kai kuma ka zo ka ƙara masa wani a kai. Da rana tana shan gishiri, da me na ciyar da ku?"

Na tsaya riƙe da murfin jarka kamar an dasa ni. Na ɗauko takardar abokina na dubi inda na soke da biro. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Garin neman gira na kusa rasa ido, kuma idon ma ba nawa ba.

Na zabura zan juye sauran farin ruwan gaba ɗaya, ta riƙe mini hannu. "Kai dai komai naka da gaggawa. Tukunyar ƙasa idan ta ɗauki zafi ka sheƙa mata ruwan sanyi, fashewa take yi. A hankali suka shiga wannan halin, a hankali za a fitar da su."

Daga ranar ta karɓi aikin. Na sayo tataccen ruwa na cika farar jarka. Safe da la'asar takan kwashe kofi biyu daga akwatin ta mayar da kofi biyu na farin ruwa, tana tsiyayawa ta jikin gilashi. Sannan ta ɗanɗana na jarka, ta ɗanɗana na akwati, ta ce, "Da saura." Ni kuma in faki idonta in tsoma ma'aunin da na ce ya lalace. Kullum allurar tana saukowa kaɗan kaɗan, tana bin bayan harshen Inna.

Dodon koɗi suka koma ƙasa. Kifayen biyu suka fara cin abinci. Furen dai yana nan a dunƙule, har na fara shirya kalmomin da zan yi wa abokina ta'aziyya ta biyu da su. Abin ya dame ni ƙwarai, ko abinci ba na jin daɗinsa.

A rana ta tara ina ɗaura agogo zan fita, na ji ta ƙwala mini kira daga falo. Na fito da takalmi ƙafa ɗaya. Wasu 'yan yatsu huɗu ko biyar sun leƙo daga cikin ƙullin, suna motsi a hankali. Inna ta ce, "Kawo masa abinci, baƙonka ya tashi." Na saka ɗan mitsitsin kifi. Ya daɗe yana shawara, sannan ya naɗe shi. Ranar na makara a ofis, kuma ban damu ba.

Da yamma na kira abokina na faɗa masa komai, har da tsohon hoton. Sai ya ce in ba Inna wayar.

Na ji yana cewa, "Mama, na gode, na gode. Kai ne ka cece shi. God bless you, Mama."

Inna ta ce, "Ba komai ɗana, Allah ya jiƙan mai ɗakinka. Amma nan gaba idan za ka ba da ajiya, ka nemi wanda bai yi karatu da yawa ba."

Bayan ya dawo ya rantse sai ya kai ta ta ga teku. Da gwiwar ta yi sauƙi muka tafi Legas mu uku. Ta daɗe tsaye a bakin gaɓa tana riƙe da gefen zaninta. Can ta sunkuya ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, ta ce, "Daidai yake da na jarka." Sai ta ɗaga kai ta dubi rana, ta dubi ruwan da ba a ganin ƙarshensa.

"To wannan da rana take sha kullum, wa yake cika shi?"

Abokina ya ce, "Ruwan sama, Mama, da rivers. Duk kogi nan yake zuwa."

"Har Binuwai?"

"Har shi."

"Da rafin bayan garinmu da ke faɗa masa?"

Ya ce ƙwarai kuwa.

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Ashe mu ne masu farar jarka!"

Furen yana nan da ransa a gidan abokina, na gan shi kwanan baya. Inna ma tana nan, kuma idan ta kira waya takan tambayi 'Yar Haya kafin ta tambayi jikokinta. Rani na gaba bayan wannan abin na ɗauki hutu na je Awe, na zauna kusa da ita a wurin dahuwa, na yi ta tambaya kamar ɗan aji ɗaya: yadda ake kankaro ƙasar, yadda ake tace ta a tukwane masu huda, yadda ake gane ruwa ya isa ɗorawa. Ta amsa mini duka, ba ta goranta mini ko sau ɗaya ba, kuma wannan ya fi gori ciwo.

Har yau idan na tuna sai in ji kunya da mamaki sun haɗu mini. Shekara arba'in ina cin gishirin hannunta, sai da wata halitta marar ido ta kusa mutuwa a falona sannan na tambaye ta yadda ake yin sa.