Tukunyar Salansata a Kasuwar Shagari

Jama'a, yau na ji labarin rasuwata a kasuwar Shagari.

Kun san a-kori-kurata mai shan gas, wadda nake ɗaukar albasa da ita daga Boɗinga. Kwanaki ta rage ƙarfi, sai na kai wa Sahabi bakanike, taubashina, wanda muka tashi muna cin tuwo akushi ɗaya. Ya leƙa ƙarƙashinta ya ce, "Tukunyar tace hayaƙin ga ta toshe, ita ka shaƙe injin." Ya yanke ta, ya yi waldar miƙaƙƙen bututu, ya ce ya jefa ta bola.

Tun ranar motar ke ruri tana aman baƙin hayaƙi. Masu albasa suka daina ba ni kaya, ga gida babu hatsi.

Yau na je kasuwar neman wata tukunyar salansar wurin wani mai kayan gyara. Ya ɗauko ɗaya daga ciki. Ina juya ta, sai ga lotsawar da dutsen hanyar Dingyaɗi ya yi mata. Tawa ce!

Na ce, "Alhaji, ina ka samo wagga?"

Ya ce, "Wani Sahabi na Boɗinga ya kawo, lafiyarta lau. Ya ce mai motar ya rasu, magada ke sayar da ita gunduwa-gunduwa."

Nan take na kira Sahabi. Ya kwashe da dariya ya ce, "Haba Ummaru, wasan taubasai ne."

Na ce, "To shimfiɗa tabarma, ga mamacin nan tahe."