Kilishin Oga a Ƙasar Tsibiri

Ko bayan na yi ritaya, ranar da muka sauka a ƙasar tsibirin nan ba za ta fita daga raina ba. Lokacin ina mataki na takwas a sashen kula da dabbobi a Daura, shekara biyar ina jiran ƙarin girma, fayil ɗina kuwa yana kwance a teburin Mataimakin Darakta, Alhaji Sule. Sai aka tura ni da shi Oga, kamar yadda muke kiransa, wata ƙasa da teku ya zagaye, a watan Mayu, farkon raninsu, wai mu koyo yadda ake tanadin ciyawa. Mutumin Daura za a koya wa rani!

Jirgi na sauka na leƙa taga: ko'ina kore shar, ga yayyafi. Oga ya ce, "Habu, wannan ne ranin? Wallahi da a Zango ne da tuni an yi shuka."

Ga waɗanda ba su taɓa fita ba, tun a cikin jirgi ake ba kowa kati ya bayyana ko yana ɗauke da nama, iri ko tsiro. Mutanen tsibiri ba sa wasa da wannan, don cuta ɗaya in ta shiga, dabbobinsu ba su da wurin gudu. To, a aikinmu ƙarami ke ɗaukar jakar babba. Na tambayi Oga ko akwai abinci a tasa, ya ce, "Takardu ne kawai." Na rubuta babu, na sa hannu, na jawo jakunkuna biyu.

Muna cikin layi sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, har da rigar aiki. Oga ya tattare babbar riga yana cewa, "Kai, ku janye shi, da alwalata!" Karen bai ko kalle shi ba. Ya zo gaban jakar Oga da ke hannuna ya zauna daram.

Jami'ar da ke riƙe da shi ta buɗe jakar. Ƙamshin kilishi ya cika wurin, ƙunshi uku manya, tsarabar da Oga ya yi wa masu masaukinmu, don a ganinsa babban mutum ba ya zuwa hannu sake. Ta ɗaga katina ta ce wanda ya yi ƙarya a kai ana iya mayar da shi a jirgin da ya kawo shi. In aka koro ni, ƙarin girma ya tafi, wataƙila har aikin.

Na juya na dubi Oga. Sai ya gyara hula ya ce da Turanci, "Yaran yanzu ba sa jin magana." Ni da 'ya'ya huɗu! Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na yi shiru.

Jami'ar ta ci gaba da warware ƙunshin, sai ta tsaya tana karanta takardar da aka naɗe shi da ita. Ashe direban Oga tsofaffin takardun ofis ya kai wa mai kilishi. Wadda ke hannunta, duk da maiƙo, sanarwa ce da ke haramta shigo da nama ta iyakar Mai'adua ba tare da izini ba, ga suna da sa hannu a ƙasa. Ta dubi sunan, ta dubi alamar da ke jikin jakar, ta karɓi fasfon Oga.

"Kai ka rubuta wannan dokar?"

Oga ya ce eh, da wata 'yar murya da ban san yana da ita ba. Aka kai kilishin ƙonawa, aka rubuta gargaɗi da sunansa, ni kuma aka ce in wuce.

Muka shiga mota muka yi nisa. Can Oga ya ce, "Malam Habu, in mun koma Daura, me muka gani?"

Na ce, "Ciyawa, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Madalla."

Mako biyu da dawowarmu fayil ɗina ya tashi daga teburinsa, da yabon cewa ni ma'aikaci ne mai riƙon amana.

Ku da kuka shigo aiki yanzu, kada ku sa hannu a kan jakar da ba ku buɗe ba, ko ta wane ce. Kuma ku sani, manyanmu in suna rubuta doka, mai akuya a bayan babur suke hangowa, ba kansu ba. Shekara biyar ina yi wa dabbobi allura a rana ba a gan ni ba. Bakina da na rufe sau ɗaya shi ya kai ni mataki na tara.