Asabar Ɗin da Injuna Suka Yi Shiru a Sharaɗa

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har sunayen wasu da muka ci tuwo a kwano ɗaya sun ɓace mini, amma akwai wata Asabar da na san ba za ta fita daga raina ba muddin ina numfashi. Jajiberin Ista ce, a farkon shekarun tamanin, lokacin ina aiki a wata masaƙa da ke Sharaɗa.

Wanda bai ga Kano a wancan zamani ba da wuya ya yarda da yadda take. Da sassafe in jiniya ta kaɗa, sai ka ga titi ya cika da kekuna da babura, wasu sun nufi Bompai, wasu Chalawa, mu kuma Sharaɗa. A bakin kowace ƙofa akwai mai koko da ƙosai, akwai mai shayi, kowa yana sha a tsaye yana kallon ƙofar. Warin rini da na fata da ƙamshin alewa duk a iska ɗaya. A cikin masaƙarmu kuwa ƙarar injuna ba ta barin mutum ya ji na kusa da shi, sai dai a yi magana da hannu. Yau in na bi ta wurin na ga ciyawa ta fito a harabar, sai in ji kewar wannan ƙara da a da take hana ni jin komai.

Ni kuwa a lokacin ƙarar nan nake nema. Shekara uku ke nan da matata ta rasu wajen haihuwar 'yarmu ta fari. Ranar da naƙuda ta kama ta an aiko mini har wurin aiki, sai na ce wa ɗan aiken bari in ƙarasa awoyina, ai haihuwar fari takan ɗauki lokaci. Ko da na isa asibiti an riga an rufe mata fuska. Tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya. Duk wanda yake son a riƙe masa aikinsa, ni ne. Lahadi ma in akwai aiki ina ciki, coci kuwa na daina zuwa ba tare da na taɓa yanke shawarar dainawa ba. Manya suka fara yaba mini, har ana cewa ni za a ba heluman sashenmu, wato shugabancin ma'aikatan wurin. 'Yar kuwa ta rayu, tana hannun surukata a Panshekara. Tafiyar da ba ta kai rabin awa a babur ba, amma sai in yi wata biyar ban taka ba, sai dai in aika da sabulu da 'yan yadudduka.

A wannan Asabar, da hantsi, muna tsakiyar aiki aka ɗauke wuta. Ba sabon abu ba ne, mun saba a tayar da janareta cikin ɗan lokaci. Ranar sai ya ƙi tashi. Makanikai suka yi ta fama har suka haƙura, manaja ya fito ya ce kowa ya tafi gida sai Talata. Mutane suka watse suna murna. Ni kaɗai na tsaya a tsakanin injuna, ina goge abin da ba ya bukatar gogewa. Ban taɓa jin wurin shiru haka ba, har kukan kurciya nake ji daga saman rufi, kuma shirun ya ba ni tsoro.

Akwai wani dattijo mutumin Damagaram da yake zuba wa injuna mai, kowa Malam yake ce masa. Shi ne ya tsaya a kaina ranar rasuwar, har ya raka mu bakin maƙabarta ko da yake addininmu ba ɗaya ba. Ya zo wucewa da butarsa, ya gan ni, ya tsaya.

Ya ce, "Samari, gobe ba sallarku ba ce?"

Na ce haka ne.

Ya ce, "To me kake yi a nan? Injin nan ba ya kewarka. Akwai mai kewarka a Panshekara."

Bai jira amsa ba ya wuce. Na so in ji haushi, amma ban sami abin da zan riƙe ba. Na hau babur ba tare da na san inda zan nufa ba, sai na tsinci kaina a hanyar Panshekara.

Na sami surukata a tsakar gida tana ɗaura kallabi, ga 'yar fartanya da tsintsiya a gefenta. Na durƙusa na gaishe ta, kaina a ƙasa, ina jiran faɗa. Ba ta yi ba. Ta amsa gaisuwar kamar jiya muka rabu, ta tambayi aiki, ta ba ni ruwan randa. 'Yata ta leƙo daga ɗaki, ta dube ni, ta koma ta ɓuya a bayan zanen kakarta. Da aka ce mata ta zo ta gaishe da babanta, sai ta girgiza kai. Har yau ina jin wannan girgiza kai a ƙirjina.

Surukata ta ce Allah ne ya kawo ni, dama maƙabarta za ta je. Kowane jajiberin Ista takan je ta share kabarin 'yarta, ta ƙara masa ƙasa kafin damina ta sauka, kuma bana gwiwoyinta ba za su kai ta ba. Tun ranar jana'iza ban koma wurin ba. Na fara neman uzuri, sai na ga ta riga ta miƙa yarinyar ga maƙwabciya, ta ɗauki fartanya ta tsaya a gefen babur ɗina.

Rana ce ta bazara, zafi kamar ya tsaga ƙasa. Na karɓi fartanyar na yi aikin cikin gaggawa, kamar yadda nake yin komai, na share busasshen ganye, na tara ƙasa, na daddanna. Da na gama na ce, "Inna, mu tafi ko?" Ita kuwa ta shimfiɗa mayafinta a inuwar wata darbejiya ta zauna, ta nuna mini gefenta. Na zauna a ɗofane. Ba ta yi addu'a da ƙarfi ba, ba ta yi waƙa ba, zama kawai ta yi. Ina ta duba agogon hannuna, ko da yake babu inda ake jirana. A karo na uku ta miƙo hannu ta ce in kwance shi in ba ta. Na ba ta, ta ƙulle shi a bakin zanenta.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Da farko kaina yana ta lissafa ayyukan Talata. A hankali duk suka ƙare, babu sauran abin da zan sa a tsakanina da tulin ƙasar nan. Sai fuskar matata ta zo mini, yadda take dariya in na dawo da auduga a gashin kaina, tana tsince mini tana cewa na tsufa tun ban haihu ba. Kukan da ban yi ba ranar jana'iza ya ƙwace mini. Cikin kukan na faɗa wa surukata abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, cewa an aiko mini da wuri, ni ne na tsaya ƙarasa aiki.

Ta bar ni har na yi shiru, sannan ta ce ta sani tun ranar, ɗan aiken ya faɗa mata. Ta ce ta ji zafina na wani lokaci, ba za ta ɓoye mini ba, amma ta daɗe da yafewa.

"Ni ina wurin," in ji ta. "Hannunta yana cikin nawa, kuma ban iya riƙe ta ba. Da ka zo da wuri da ka yi ban kwana da ita, wannan ka rasa, kuma ya dace ka yi kukansa. Amma rai ba a hannunka yake ba."

Na tambaye ta yadda take iya zama a wurin nan hankalinta kwance. Ta ce ita ba ban kwana take zuwa yi ba, jira take zuwa yi. Ta tuna mini cewa ranar Juma'a aka binne Almasihu, ranar Lahadi ya tashi, amma a tsakani akwai wuni guda cur da masu ƙaunarsa ba su da abin yi sai zama, ga kabari a rufe, ga zuciya a karye.

"Ni da kai a wannan wunin muke," ta ce. "Bambancinmu da su, mu an riga an gaya mana abin da gobe za ta kawo. Wanda ya fito daga nasa kabarin ba zai manta da wannan ba."

Na ce, "Inna, kun tabbata?"

Ta ɗan yi murmushi, ta ce akwai ranakun da ba ta jin komai a ranta sai nauyi, kuma a irin ranakun ma takan zauna ta jira, domin alkawarin bai dogara ga yadda ta tashi da safe ba. Ta kwance agogona ta miƙo mini, ta ce in taimaka mata ta miƙe.

Ban koma Sharaɗa ranar ba. Washegari muka tafi 'yar majami'arsu mai rufin kwano, wadda ba ta da ko silin. Mata suna kaɗa tulu da caki, ana waƙar tashin Almasihu, tsofaffi suna rawa a inda suke tsaye. Na ji labarin nan tun ina yaro, amma ranar ne na fara jin sa kamar saƙon da aka aiko mini ni kaɗai, game da mutum ɗaya da na sani. Ana cikin wa'azi zafi ya sa 'yata gyangyaɗi. Ta zame daga jikin kakarta, kanta ya faɗo a cinyata, ta yi barci. Ƙafata ta yi tsami, amma ban motsa ba har aka tashi.

Ranar Talata na je na ce wa manya ba zan ƙara karɓar aikin Lahadi ba. Heluman ya tafi hannun wani, kuma ba zan yi ƙarya ba, na ji ciwon hakan na 'yan watanni. Na kama ɗaki a Panshekara, kusa da gidan surukata. Sai da aka yi kusan shekara kafin yarinyar ta fara rugowa da gudu in ta ji ƙarar babur ɗina. Yanzu ita ma ta yi jikoki. Surukata kuwa ta daɗe da kwanciya, ba nisa da 'yarta, kuma ni nake zuwa share musu duka biyun.

Abin da na koya shi ne, ba kowane mai sauri ne yake da inda za shi ba, wani gudun wani abu yake yi, kuma abin yana nan yana jiransa duk ranar da ya tsaya. Na yi shekara uku ina tsoron tsayawa domin na ɗauka babu komai a cikin shirun sai mutuwa. Da na tsaya sai na tarar akwai gafara a ciki, akwai kuma alkawari. Wanda ya gaskata cewa kabari ba shi ne ƙarshe ba, yana iya zama ya yi kukansa, ya share hawaye, ya koma wurin masu rai da suke bukatarsa.