Baitin da Aka Soke

Lokacin sanyi a unguwar Gubaira, can ƙasar Larabawa, da an idar da magariba Iya takan hura gawayi a kasko a saman bene, mu jikokinta mu zagaye ta. Larabci ya fi zama a bakinmu, ita kuwa ko a jikinta. "Kun sha nonon Hausa kuna yi min kukan Larabci," haka take mana tsiya.

Da tatsuniyoyin gida suka ƙare mata, sai ta ɗauko labarin da ta ji wajen wata nas 'yar Rasha da take yi wa guga a unguwar Shumaisi. Labarin yayan nas ɗin ne, makaɗin jita mai kiɗan nan na hayaniya da ake kira rok.

"Ga ta nan, amma wannan ta faru," in ji Iya.

A zamaninsa ba ka hawa dandamali sai jami'i ya karanta waƙarka ya buga mata hatimi. Aikinsa zuba kwal a tukunyar ɗumama gidaje, in ya tashi ya naɗi waƙoƙinsa a kaset, mutane na kwafa hannu da hannu. Shekara da shekaru yana neman izini. Ranar da ya samu, jami'in ya soke baiti guda, wanda ke cewa uwarsa ta tsufa a layin burodi. In ya kuskura ya rera shi, shi da dandamali har abada.

Ya hau. Da ya iso wurin baitin ya kama bakinsa, jita kawai ke tafiya. Sai jama'a suka rera baitin, ashe kaset ya riga shi zuwa. Kunya ta kama shi, ya koma baya ya rera da bakinsa. Washegari ya koma kan kwal ɗinsa, bai kuma daina naɗar kaset ba.

Na ce, "Iya, ai ya yi asara."

Ta harare ni. "Allah ya shirye ka. Baƙin kwal da sabulu yake fita."

Sai da na girma na zama tafinta a wani kamfanin gini na gane nufinta. Wani dattijo mutumin Maraɗi ya faɗo daga bene, yana gaya wa mai bincike ba a ba shi ɗamarar kariya ba. Mudir, wato manajanmu, ya raɗa min in tsallake wannan. Wallahi na ji tsoro, don iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, a hannun kamfanin take. Na fassara maganar dattijon kaf, har da ɗamarar.

Wata bai cika ba aka sallame ni, na shiga neman wani kafil, wato ubangidan da zai tsaya min a ƙasar. Na sha wuya, amma har yau in na haɗu da dattijon a kasuwar Utaiqa ina iya kallon idonsa mu gaisa.